Gaisuwar Baffa ta Tauraron Ɗan Adam

Lokacin da yaƙi ya kashe layukan waya a Omdurman, wani maƙwabcinmu ya kafa faranti a kan rufinsa, mai jawo sadarwa daga tauraron ɗan adam. Kowa ya zo da 'yar wayarsa, a ba shi ɗan lokaci, ya kauce wa na baya.

Na raka baffana wurin don ya sanar da goggo, yayarsa da ke wani ƙauyen Jazira mai irin wannan faranti, cewa ɗanta da aka ce ya mutu a Kalakla yana ɗakinmu yana shan shayi.

Da aka kira ta, baffa ya gyara zama. "Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Ya ƙafar nan taki?" Ya gama da Hausa, ya sake daga farko da Larabci. Na zungure shi, ya harare ni. "Kai, ba a afka wa babba da magana!"

Goggo tana cewa awakinta lafiya lau, lokacinmu ya ƙare. Washegari masu bindiga suka ɗauke farantin ƙauyen goggo.

Haka goggo ta ci gaba da karɓar ta'aziyya har wani direban lori ya kai mata labari. Baffa kuwa har yau cewa yake tauraron ne ba shi da tarbiyya.