Saƙar Kabar Yayata

Ina garkar albasa a Azarori, ƙafafuna cikin ruwa, waya ta yi ƙara. Gwaggo ce daga Buza. Ta ce yayata ta rasu da hantsi, kuma zazzaɓi ne, ba ciwon nan nata ba. Sai da ta maimaita hakan, kamar tana wanke ta daga wani zargi.

Yaya ta daɗe tana kwana a tashar Madawa tun lokacin da hankalinta ya taɓu. Mu kai ta asibiti a Tawa, a yi mata allurai, ta dawo shiru, bayan ɗan lokaci ta sulale ta koma tasha. Mu sake ɗaukarta. Har direbobi suka san mu, in sun hango ni sai su ce wurinmu na nan a kujerar baya.

Ana haka wata ma'aikaciyar lafiya a Buza, wadda kowa ke kira madam, ta fara tara mata irin Yaya a rumfa, masu kwana a kasuwa da bakin masallaci. Wasu sabulu, wasu saƙa. Ta ce magani na aikinsa, amma hannu ma yana son abin da zai kama da safe. Gwaggo ta ba Yaya ɗaki, Yaya ta zaɓi kaba.

A wajenmu tabarma aiki biyu ce. A saƙa kaba ta yi tsawo, faɗinta kamar tafin hannu, sannan a yanka, a jera, a ɗinke. Yaya rabin farko kawai ta yarda da shi. Ta saƙa ta naɗe, ta saƙa ta naɗe, har naɗin ya kai girman tayar babbar mota. Na tambaye ta ko gudron, wato titin kwalta, za ta shimfiɗa mana daga Buza zuwa Kaita.

Ta ce, "Auta, kai da ba ka iya ɗaure wandonka sai na taimaka, kai za ka koya min aiki? Tahi ka samo kaba."

Gwaggo kuwa mace ce da ba ta iya ganin aiki a tsakiya. Ko tuwon maƙwabta ta ga an bari a wuta sai ta tuƙa. Ana gobe kasuwa, Yaya na rumfar madam, ta ɗauko wuƙa da basilla ta yanka naɗin, ta fitar da tabarmi masu kyau, ta jingine su a bango tana jiran yabo.

Yabon ta same shi. Yaya ta duba ɗinkin, ta ce ya yi daidai. Sannan ta ce, "To, aiki ya ƙare." Washegari ta ɗauki zanenta ta fita. A tashar Madawa na same ta, daga nan sai Tawa.

Madam ba ta yi wa Gwaggo faɗa ba. Ta dai ce mata abin da ke zaunar da Yaya shi ne ta farka ta tarar da bakin saƙa yana jiranta. Gwaggo ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an warke da rashin gama aiki ba. Amma ta ɓoye basillar a ƙarƙashin tukunya, don kada zuciyarta ta ja ta.

Tun daga nan Yaya ba ta sake kwana a asibiti ba, ba ta koma tasha ba. Ta karɓo ƙwayoyinta, ta dawo kan kabarta. Baƙi su kan tambaye ta wa za a yi wa wannan tabarma, ta ce ta Gwaggo ce, idan ta koyi haƙuri.

Bayan an watse daga zaman makoki, Gwaggo ta kai ni ɗakin. Naɗin ya kusa kai min ƙugu. Ta ciro basillar, ta riƙe, ta tambaye ni ko yanzu ya halatta. Na ce ta bari tukuna. Ta mayar da ita ƙarƙashin tukunya.

Naɗin yana nan a ɗakin, da ƴan zaren kaba a tsaye a bakinsa inda ta tsaya. Har yau ba mu ɗinke ba.