Sawun Zomon Majigi

A zamanin Turawa motar majigi ta zo Kankiya, ni da babana muka tako tun daga Kaikai. Baba maharbi ne, ba dabbar da bai san sawunta ba. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle, sai ga zomo na zane, har da hula, ya yaudari kura ta faɗa rijiya, kamar yadda kakata ke ba mu a tatsuniya.

Da safe na bi Baba muka koma wurin, ya tsuguna yana duba ƙasa. Sawun mutane ne kawai, sai na mota. Ya ɗago ya dube ni.

"Tun ina saurayi nake bin zomo. Jiya na ga wanda ba ya taka ƙasa."