Goggo Murja da Motar Direbobi Biyu

Idan Goggo Murjanatu ta idar da sallar asuba a gidanta na Gada Biyu, wayarta take fara ɗauka kafin ta hura wuta. Takan jingina ta jikin murhu, tana dama koko tana sauraron saƙonnin murya da 'yan Jos mazauna ƙasashen waje suka turo. Wannan yana tambayar ko barguna sun isa, wancan yana ƙorafin ba a turo masa hoto ba. Duka take amsawa ɗaya bayan ɗaya, ta kira kowa ɗana ko 'yata, har waɗanda suka girme ta.

Tela ce a da. Kekenta da atamfofin mutane sun ƙone a gobarar kasuwar Terminus, ƙanenta Lukuman kuma ya fita wata ranar rikici bai dawo ba. Tun daga nan ta shiga aikin kai taimako ƙauyukan da aka ƙone, ba albashi, ba ofis.

Mazauna wajen suna da ƙungiyoyi biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kowacce tana aiko wa nata. Amma hanyar ƙauye ɗaya ce, kuma tana ratsa unguwannin da Musulmi ba ya tsayawa da waɗanda Kirista ba ya tsayawa. Goggo ce ta nemo Mama Chundung, tsohuwar nas, suka lallashi ƙungiyoyin har suka yarda a haɗa kayansu a mota ɗaya, wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ƙirar kanta da ba a rubuta komai a jikinta ba.

Direbobi biyu ne, Badruddeen da Dalyop. A yankin Musulmi Badruddeen ke riƙe sitiyari da hularsa, Goggo na bakin taga tana gaisawa, Dalyop na bisa kaya kamar yaron mota. Kafin a shiga ɗaya yankin sai a tsaya a juya komai: Dalyop ya sauko, Badruddeen ya cusa hula a aljihu ya hau buhuna, Mama Chundung ta dawo taga. Duk wanda ke sama shi zai kira na ƙasa oga. Dalyop yakan ce tuƙin Badruddeen sai mai azumi, don wanda ya ci tuwo ba zai riƙe shi ba. Badruddeen yakan ce ya sauko ya tura, tunda ya fi injin ƙarfi. A kowane shinge samari na leƙawa su ga nasu, su ɗaga sanda. Shekara da shekaru haka motar ta yi ta wucewa.

Ke ce, Goggo, kika zauna cikin ruwa da rana a wannan kujera har gwiwoyinki suka kumbura. Ke ce kika haɗa manoma da Malam Hammawa, makiyayin da aka karkashe wa shanu, a inuwa ɗaya, suka yarda su koma ƙauyensu na can bayan Bukuru idan za a kawo musu irin dankali da taki kafin damina ta yi nisa. Sun koma a kan maganarki, da mata da tsofaffi, suka kwana cikin bangayen da ba rufi.

An sayi irin, an loda. Sai Alhaji Ashraf, shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, ya aiko da wani babban ƙyalle da ya sa aka buga, da jinjirin wata da gicciye a gefe da gefe, ya ce a ɗaura jikin motar a ɗauki bidiyo har ƙauye. Ba mugun mutum ba ne. Ya bar Jos tun lokacin da ake aika wa maƙwabta naman Sallah su rama da shinkafar Kirsimeti, kuma wancan garin ne har yanzu a ransa. Goggo ta yi masa bayani a hankali cewa motar tana wucewa ne don ba ta faɗin ko ta waye. Ya ce masu bayarwa sun gaji da taimakon da ba sa gani, idan ba a ɗaura ba, wannan ne lodi na ƙarshe.

"Ɗana," ta ce masa, "ƙyallen nan yana da kyau. Amma a hanya kowa rabin da ba nasa ba zai gani."

Bai janye ba. Ruwa ya riga ya sauka, irin ya fara tsiro cikin buhuna, mutane na can suna duban hanya. Ta ɗaura.

Ba su yi nisa da barin gari ba aka tare su. Ba zan faɗi ko su waye suka tare ba, domin da sun wuce wannan shingen, na gaba ma haka zai yi. Samarin ba su ko kalli mai zaman taga ba. Suka ja direban da ke bisa kaya ƙasa suka hau shi da duka, suka farke buhuna suka watsa cikin laka. Waɗanda suka gani sun ce Goggo ta sauko da gwiwoyinta masu ciwo, ta kwanta a kan mutumin da ake duka, tana cewa, "'Ya'yana, ku fara da ni." Ya tsira da rai. Irin kuwa ya ruɓe a bakin titi.

Ƙauyen bai yi shuka ba. Kafin damina ta ƙare manoman sun dawo sansanin 'yan gudun hijira, Malam Hammawa ya kora ragowar shanunsa ya nufi Bauchi. Ƙungiyoyin biyu suka yi ta zargin juna a waya har suka raba hanya. 'Ya'yan Mama Chundung suka hana ta fita. Ita ce ta ce da ni, hawaye na zuba, "Yaya Murja ba ta taɓa zagin Alhajin nan ba, ko sau ɗaya."

Goggo ta ci gaba ita kaɗai, buhu ɗaya a motar haya, yau na wannan ƙungiya gobe na waccan, har likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara ɗauka ba. A watan jiya ta ajiye aikin. Ba a yi taro ba, ba wanda ya zo ya karɓa.

Ba zan ce komai zai gyaru ba, don ban ga alama ba. Na girma a garin nan, na yi karatuna a cikinsa, kuma na ƙi yarda a binne sunan matar nan tare da irin da ya ruɓe. Mun gode, Goggo. Allah Ya saka miki, Ya sauƙaƙa miki ciwon. Ku 'yan'uwanmu na waje, ku riƙa tambayar masu bin hanyar kafin ku yanke shawara. Mu na gida kuma, masu ƙafafu lafiyayyu, mu je mu koya tun tana iya magana.

Da na je yi mata sallama na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce a'a, abu ɗaya ne ke hana ta sukuni. Ta ce wa Malam Hammawa ya jira ta, kuma har yau ba ta samu wanda zai kai masa ban-haƙurinta ba.