Mutumin da Muka Baro a Sama

Ƙas! Ƙarar kwaɗon adakar Inna ke nan, kuma daga ita komai ya fara. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ta. Tun da Baba ya rasu Inna ta dawo wurinmu da zama ban taɓa ganin an kulle adakar nan ba, don haka na san tsohuwa ta yanke shawara: sai ta je Badun, can Kudu, da ƙafarta.

Dalili kuwa wasiƙar ƙanena ce, autanmu, wanda ke karatun aikin likita a can. An zaɓe shi cikin waɗanda za su je Ingila ƙaro ilimi shekara biyu, a jirgin sama, kuma ba a ba shi hutun da zai zo Potiskum sallama ba. Shi kuwa tun yana elementare bai taɓa hawa mota ba sai Inna ta dafa kansa, ta tofa masa addu'a, ta ce ta yafe masa. Maigidana ya ce ai jirgin ta Kano zai bi ya sha mai, a je can a ɗaga masa hannu. Inna ta ce ita ba ta sallama da ɗanta ta bayan shinge. Da yake maigidan yana da shanun da ya riga ya tura Kudu, sai aka haɗa tafiyar: shi, da Inna, da ni, da 'yata mai shekara shida.

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Dogo Nini a motar kaya, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, zafi ya fara gasa gari tun da safe. Direba ya ba Inna gidan gaba don girmanta, mu kuwa muka hau baya kan buhunan wake. Hanyar Azare gargada ce zalla, har na daina jin ƙafafuna. A Azare muka sha fura mai sanyi wurin wata Bafulatana, ƙwarya cike a kan taro, wato kwabo uku. Inna ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Da muka doshi Kano da yamma wani jirgi ya ratsa ta kanmu da ƙugi, na leƙa ta tagar direba na ga Inna ta ɗaga kai tana bin sa da kallo har ya zama kamar ƙuda. Carbinta ya ƙara sauri.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa. Wanda bai taɓa yin wannan tafiya ba, ya tanadi haƙuri da butar ruwa biyu. Bencin katako, hayaƙin gawayi yana shigowa ta taga, mayafina fari ya koma ruwan toka kafin Zariya. Amma ƙasa kam na ga ƙasa. Bayan Minna itatuwa suka fara haɗa kai, damina ta riga ta sauka a can alhali mu a gida ko gajimare babu. A gadar Jabba Inna ta rufe ido har muka ƙetare, 'yata kuwa ta tambaya ko wannan ne tekun da Kawu zai haye. Daga Ilori zuwa gaba mata ke tallar komai, suna miƙo ayaba da lemo ta taga da arha mai ban tsoro. Na sayi ƙosan da aka soya da manja, barkonon da ke ciki ya sa na yi hawaye har tasha ta gaba.

Ranar Talata muka sauka. Badun gari ne da ba ka ganin ƙarshensa, rufin kwano mai tsatsa ya hau tudu ya gangara kwari. Muka nufi Sabo, unguwar Hausawa, gidan Alhajin da ke saukar da fataken shanu. Auta ya zo da yamma, ya rame, ya ƙara tsawo. Inna ta ba shi dambun naman da ta kwana uku tana yi, ta ce ya sa a akwatinsa tunda an ce can ba su san yaji ba. Ya gaya mana ranar Asabar da safe za su wuce Ikko, kuma duk wanda bai bayyana ba akwai masu jiran gurbinsa.

To, a gidan nan akwai wani akwati da bai fi 'yan watanni da zuwa ƙasar ba, suna ce masa talabijin. Majigi ne, amma a cikin ɗaki, babu mota babu farin ƙyalle. Ranar Laraba bayan magariba aka fito da shi bakin falo, maza a gaba kan tabarmi, mu mata daga ƙofar cikin gida. Aka ce yau za a fara wani sabon wasan Turawa. Wani mai farar riga ya bayyana a cikin akwatin ya yi gaisuwa, Inna ta gyara lulluɓi ta amsa masa. Da matan gidan suka ji na yi makarantar 'yan mata a Kano, sai suka matso suka ce in zama tafinta. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura.

Aka nuna wani saurayi a ƙofar gida, tsohuwarsa tana riƙe da hannun rigarsa. Na ce musu tana roƙonsa kada ya tafi. Ya janye hannunsa, ya ɗauki hula, ya fita bai waiwaya ba. Sai ga shi da wasu mutum biyu cikin wani jirgi mai kama da rumbun ƙarfe mai tsini, wuta na fita ta gindinsa, wai za su wata duniya da ke bayan wata. Nan fa wuri ya kaure. Wani malami ya ce sama tana da ƙofofi da masu tsaro, ba a shiga haka siddan. Wani Babarbare mai sayar da kanwa ya ce shi abin da ya dame shi, ina alƙibla a can. Yara suka zagaya bayan akwatin neman ta inda hayaƙin ya fita. Matar Alhaji, Bayarabiya mai fara'a, tana ta dariya tana cewa kwali ne da fenti.

Ni kuwa ina ta zuba fassara, har da canza murya. Jirgin ya sami matsala, saurayin ya kifa wani abu kamar ƙwaryar gilashi a ka, ya fito waje gyara, an ɗaure shi da igiya a ƙugu. Babu ƙasa, babu sama, baƙi ƙirin sai taurari. Sai igiyar ta fara warwarewa, zare ɗaya bayan ɗaya. Ta tsinke. Ya riƙa yin nisa yana miƙa hannu, yana ƙanƙancewa. Wani Bafulatani cikin masu koro shanu ya miƙe tsaye ya ce a jefa masa wata igiyar mana, ko maraƙi ne ya faɗa rijiya ai ba a tsayawa kallo. Aka nuna manyansu a ƙasa sun yi jugum, ɗaya ya yi magana, ni kuma na juya na ce, “Wai babu abin da za su iya yi masa.”

Sai a lokacin na dubi fuskar Inna. Rubutu ya fito, aka ce sai Laraba mai zuwa.

Da muka shiga ɗaki Inna ta sa aka kira Auta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ban yarda ka hau ba.”

Ranar Alhamis kowa ya gwada sa'arsa. Maigidana ya ce jirgin fasinja ko kusa da taurari ba ya zuwa, alhazai ma yanzu da shi suke tafiya. Ta ce wanda ta gani a Kano da idonta ya ɓace a sama kamar yadda yaron nan ya ɓace. Na ce mata wasan kwaikwayo ne, kamar tashe. Ta ce a tashe ta san yaran, ta san iyayensu, ta san gemun auduga ne. Ta tuna mini majigin da ake kawowa ƙofar fada: an nuna zuwan Sarauniya, kuma ta zo, an nuna yadda ake feshin auduga, kuma an yi, an nuna masu allurar shanu, kuma sun iso har rugagen Damagum. Shekara nawa tana kallon majigi bai taɓa yi mata ƙarya ba, sai yau da ya shafi ɗanta za a ce wasa ne? Matar Alhaji ta zo da dariyarta, ta fita babu ita.

Da la'asar Auta ya tare ni a bakin rijiya, idonsa ja. Ya ce, “Yaya, ke kaɗai take yarda da Turancinki. Ki ce mata kin ji a rediyo an ceto saurayin nan na talabijin. Kalma biyu ce.”

Na tausaya masa har cikin raina, ga shi kuma bakina ne ya jawo. Na tuna daren jinyar Baba da aka rasa wanda zai duba shi, da yadda yaron nan ya ce shi likita zai zama. Na shiga ɗakin da niyyar faɗa. Inna tana kan buzu da carbi, ta ɗago ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yarinya, ta ce, “Kin ji labarin wanda igiyarsa ta tsinke?” Wannan matar ba ta taɓa karɓar ƙarya daga bakina ba, kuma albarkar da aka karɓo da ƙarya ban san inda za ta kai mutum ba. Na ce ban ji ba. Na fito na wuce Auta ban iya kallonsa ba.

Juma'a da hantsi ya zo da akwatinsa na ƙarfe a ka. Ya ajiye a gaban Inna, ya durƙusa, ya buɗe kwaɗon. Ya fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya: rigar sanyin da ya saya, littattafai, takalmi sabo, sai ƙullin dambun nama, wanda ya tura gabanta ya ce a ba yara. Ya nuna wata takarda ya ce ya rubuta wa shugaban makaranta cewa ya janye, in an sauko daga masallaci zai kai. Bai yi gunaguni ba, bai roƙa ba. Ni dai na kama 'yata na riƙe, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Inna ta daɗe tana kallon akwatin da babu komai a ciki. Can ta juyo gare ni ta ce in sake gaya mata abin da tsohuwar nan ta ce wa ɗanta a ƙofar gida. Na ce ta ce kada ya tafi. Ta ce shi kuma fa? Na ce ya janye hannunsa ya fita.

Ta jinjina kai. Ta ce, “Wancan tun a ƙofar gida igiyarsa ta tsinke. Wannan na ce kada ya je, ya kwance kaya.”

Ta jawo akwatin. Da hannunta ta mayar da rigar, da littattafan, da takalmin, ta ɗora dambun a sama, ta danna kwaɗon. Ƙas. Ta ce ya matso. Ta dafa kansa ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Sannan ta ƙara da sharaɗi guda: ko jirgin ya lalace, ko wa ya ce ya fita gyara, kada ya fita, shi likita ne ba makaniki ba. Auta ya yi alkawari yana dariya yana share hawaye.

Kada ku ɗauka ta yarda wasa ne. Har yau ba ta yarda ba. Da tsoronta cik ta sallame shi, kuma ranar Asabar da motarsu ta tashi sai da na riƙe ta.

Ranar Litinin muka kamo hanya, don maigida ya gama cinikinsa, saboda haka Larabar da aka ce ba ta same mu a Badun ba. A gadar Jabba wannan karon Inna ba ta rufe ido ba, sama take kallo. Muka iso Potiskum muka tarar an yi ruwan fari, ƙasa tana ƙamshi, maƙwabta suna ta zuwa jin labarin akwatin da mutane ke magana a ciki. Kwana biyu bayan nan masinja ya kawo takardar waya daga gidan waya: Auta ya sauka lafiya, akwai sanyi. Inna ta yi sujada, ta sa aka dafa shinkafa da wake aka raba sadaka.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan bai da yawa. Na gane tafinta ba baki kawai yake bukata ba, sai ya riƙa duban fuskar wanda yake yi wa. Na gane kuma duk hujjojin da muka tara, mu masu boko da masu fatauci, ba su motsa tsohuwar nan ba. Akwatin da aka kwance a gabanta ne ya motsa ta. Ƙaryar da na kusa yi kuwa, har yanzu in na tuna sai na yi istigfari.

Da yammar ranar da waya ta zo ina wanke kwanukan sadaka, 'yata ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta daɗe tana kallon sama inda tauraro ɗaya ya fara fitowa. Ta ja gefen zanena.

“Umma, Kawu ya sauka. Saura mutumin nan. A ajiye masa shinkafarsa.”