Motar Datti Tela Mai Kujera Biyu

Datti tela mutum ne mai son gane yadda abu yake aiki. A Laranto kowa ya san halinsa: ka kai masa ɗinki, ka tarar ya kwance keken ɗinkinsa filla-filla, wai yana neman abin da ke ƙara a ciki. Haka ya yi wa rediyonsa, haka ya yi wa agogon matarsa Kubra. Amma hannunsa a babbar riga ba dama, shi ya sa ake haƙuri da shi, ciniki kuma yana tafiya.

Mahaifinsa, Malam Ishaku, kukun wani Baturen haƙar kuza ne har ƙarfinsa ya ƙare. Shekara da shekaru yana shiga motar Bature, amma kullum a gefen direba, da kwandon cefane a cinya. Baya wurin mai gida ne. Shi ya sa tsohon yakan ce, "Datti, ranar da ka yi mota, a baya zan zauna. In na samu wannan, Alhamdu lillahi."

A 1978 maƙwabcin shagonsa Alphonsus, mai sayar da kayan gyaran mota, ya ba shi labarin wata 'yar jar motar tsere da dillali ya rasa mai saye. Kamfanin da ke ƙera ta a Ingila yana tangal-tangal, ana ta cewa zai rufe.

"Oga Datti, je ka kalla kawai," in ji Alphonsus. "Kar ka saya. In ya lalace, babu kaya."

Gaya wa Datti ya kalla kawai ai ɓata baki ne. Ya buɗe gaba ya leƙa inji, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya naɗe rufin tamfol ya warware, ya ishi dillali da tambaya, ya saya. Komai ya duba ban da abu ɗaya. Sai da ya tsaya a ƙofar gidansu a Tudun Wada, tsoho ya fito cikin sabuwar riga, ya zagaya motar, ya ce, "Ina bayan?"

Babu baya. Kujera biyu ce tak.

"Gefen direba kuma, Datti?" Ya juya ya koma ciki.

Abin ya yi wa Datti ciwo ƙwarai. Ya yi lallashi, Kubra ta yi, tsoho ya ƙi. Kafin ya gama shawarar sayar da ita kamfani ya rufe, ba mai ko tayawa. Ba a jima ba wani ƙarfe ya karye a injin, Alphonsus ya nema har Anacha bai samu ba.

Ranar da za a tura ta gareji, Datti da Alphonsus suka dafa baya, sai suka ga babu mai riƙe sitiyari. Malam Ishaku yana kan tabarma yana kallonsu. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Irin wannan, mai ita da kansa yake riƙe ta, ko?"

"Da kansa, Baba. Ba a yi mata direba."

Tsoho ya tattara riga ya shiga, ya gyara hula, ya kama sitiyari. Suka tura. Duk wanda suka wuce sai ya rusuna, shi kuma ya ɗaga hannu ɗaya a hankali, yadda ya ga ana yi. Datti yana turi, gumi da hawayen murna suka haɗu a fuskarsa.

A bakin gareji Datti ya ce, "Mun iso, Baba."

Malam Ishaku bai saki sitiyarin ba. "Ku zagaya ta kasuwa tukuna."