Fitilar da ke Jiran Motsi

Ranar kasuwar Dakoro, wani dattijo mai farin rawani yana tsugune gaban rumfar kayan lantarki, sandar kiwo a jingine da kafaɗa. Jujjuya fitilar sola yake kamar mai duba haƙoran rago.

Zaharaddini, mai rumfar, ya kifa hularsa bisa idon fitilar, ta kama.

"Rana take sha, amma ba ta kamawa da rana?" in ji dattijon.

"Sai da duhu, Baba. Ka kafa ta bisa bango, duk abin da ya motsa sai ta haske shi."

"In ya daina motsi fa?"

"Sai ta mutu."

Dattijon ya ƙame kamar gunki, fitilar ta mutu. Ya kaɗa hannu, ta kama. Sau uku yana gwadawa, goshi a yamutse. Kowa zai ɗauka ɓarayin tumaki ne suka dame shi.

Can ya ɗago a hankali. "Yaro, mai ɗakina jikinta ya shanye tun bara. Bayan magariba a tsakar gida take kwana, bisa tabarma. To ita, wa zai riƙa motsa mata?"