Gidan da Tsofaffi Ke Faɗa

Shadliyya ba ta ƙwanƙwasa ƙofa da isowarta. Sai ta tsaya, ta ɗan karkata kai, ta saurara tukuna. A gidan wankan mata na garin Mahdiyya ta koyi haka, inda ta tsufa tana cuɗa bayan matan gari. Tun daga zaure takan gane ko mata sun saki jiki a ciki, ko kuwa akwai matar wani babba da ta sa kowa ya kame bakinsa.

Yayanta Balgasim masunci ne, mai muryar da ake ji daga wancan ƙarshen tashar jiragen ruwa. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai muryar ta ɗauke. Likita ya ce harshen bai mutu ba, mai shi ne ya ƙi. Abincin ma sai da lallashi. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, har ranar da suka zube tare a ƙofar banɗaki, suka kwanta suna kallon juna sai da maƙwabciya ta shigo.

Ɗansa Lutfi ya bugo waya daga Italiya.

"Goggo, na samo gidan kula da tsofaffi. Kin ga hotunan kuwa? Kamar otal!"

"A hoto ai ni ma amarya ce. Bari in je da ƙafata."

Ta je. A ƙofa ta tsaya kamar kullum, ba ta ji komai ba sai talabijin. Ciki tas, ƙamshin lemun tsami ko'ina. Tsofaffi a jere cikin fararen riguna, kowa da furen yasmin a bayan kunne.

"Baba, yaya abincin nan?" ta tambayi ɗaya.

Sai da ya saci kallon ma'aikaciya, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ta tambayi na kusa da shi. Shi ma idonsa ya je can ya dawo kafin bakinsa ya buɗe. Shadliyya ta yi godiya, ta yaba labule, ta fito.

Akwai wani gidan bayan matatar man zaitun, fentinsa duk ya ɓaɓɓare. Ba ta ma kai ƙofa ba ta fara jin su.

"Naziha! Gishiri ya ƙare a ƙasar nan ne? Ga teku can, je ki ɗebo!"

"Baba Hammadi, hawan jininka ne ya cinye gishirin. Ci ko in ba mage!"

"Magen ma ta fi ki iya dafa kuskus!"

Dariya ta ɓarke, wani ya buga tebur. Shadliyya ta tura ƙofa. Ta shiga, ta zauna cikinsu har la'asar. Ta yar da carbinta da gangan, ta sunkuya ta dubi dugadugansu: sumul, an shafa mai. Shi kuwa Hammadi, a gaban Naziha, ma'aikaciyar wurin, ya lissafa wa Shadliyya aibin gidan kaf, tun daga shayi mai sanyi har zuwa munsharin maƙwabcinsa, Naziha na yanke masa farce tana cewa, "Ka manta sauro."

"Goggo, wancan kangon?" in ji Lutfi. "Me mutane za su ce? Su ce na jefar da ubana?"

"Za su faɗa. Can da ka zaɓa kuwa ba mai cewa komai."

Daga ƙarshe ya ce a gwada.

Aka kai Balgasim. Kwanaki suka wuce, bai ko dubi kowa ba. Shadliyya ta fara ramewa. Kullum ta zo da miyar kifi, kullum ta koma da ita. Har ta soma tunanin ko kunnenta ya yaudare ta a wannan karon, ta kai ɗan'uwanta inda zai ƙarasa.

Wata ranar Talata da hantsi Naziha ta tura keken guragun Balgasim bayan Hammadi, wurin masu karta, ta tafi shanya. Daga nan yana ganin duk abin da ke hannun mutumin. Hammadi ya jefa wata karta. Balgasim ya runtse ido. Hammadi ya sake jefa wata, wadda ko jikansa ba zai jefa ba.

"Jaki!"

Masu karta suka waiwayo. Shadliyya na bakin ƙofa da kwanon miya.

"Wa ya ce jaki?" in ji Hammadi.

"Ni. Bakwai... ka riƙe bakwai, jaki!"

"La ilaha illallahu! Wata guda muna ciyar da kurma, ashe ɗan sa ido ne!"

Shadliyya ta dire kwano ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabonta da yi tun auren Lutfi. Naziha ta shigo a guje da jiƙaƙƙen zani a kafaɗa. Aka buga wa Italiya waya, aka kara a bakin tsoho, ya ce wa ɗansa, "Kai ma." Ran nan ya shanye miyar, ya ce ta yi ruwa.

Daga nan bakinsa bai sake rufuwa ba. Abin da ya fi nanatawa shi ne a kai shi tasha ya ga jirage sun shigo da safe. Sauran ma suka ce ba za a bar su ba. Shadliyya ta kama zirga-zirga. Ta shawo kan shugabar gidan, ta sami mai motar kifi da ya yarda zai wanke ta ya kwashe su. Saura katako mai faɗi da za a gangara kekuna a kansa. Ta auna bayan motar da ɗankwalinta, ta kai wa kafinta awon, ta ce za ta dawo bayan tsinkar zaitun.

Sanyin shekarar nan ya kama mata ƙirji, bai sake ta ba har ya tafi da ita.

Katakon na nan jingine a shagon kafinta, an goge gefe ɗaya. Balgasim kuwa duk safiya sai ya ɗaga murya, har masu matatar mai suna ji, yana tambayar wane malalaci ne zai je ya karɓo shi.